Muhawara: Wa ke tare da mai naƙuda ƙarfe biyun dare a ƙauyukan Kebbi?

Maman Sadiya (Argungu)

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, akwai maganar da nake so mu zauna a kanta yau, kuma ina roƙon masu aikin asibiti da ke cikin zauren nan kada su yi shiru.

Duk taron da aka yi kan mutuwar mata wurin haihuwa, da magana ɗaya ake tashi: a ƙaro likitoci, a gina babban asibiti. Ban ƙi ba. Amma jihar Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare ta, mazaɓu 225, kuma mafi yawan matanmu ba a Birnin Kebbi suke haihuwa ba. Matar da ke kan gwiwa ƙarfe biyun dare a wani ƙauye bayan Kangiwa ko cikin fadamar Suru, babu likita a lissafinta. In akwai mai ilimin lafiya kusa da ita, to malamar asibitin sha-ka-tafi ce, irin waɗanda ake kira CHEW.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cikin haihuwa 100 a Kebbi, kusan 3 kacal ƙwararre ya karɓa, alhali a ƙasa baki ɗaya 43 ne. Mu ne a ƙarshen layi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Tambayata ita ce: malaman asibitin nan na ƙauye za su iya rage mana wannan asara, ko kuwa muna aza musu kayan da ba nasu ba?

Sista (Birnin Kebbi)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ungozomar asibiti ce, kuma zan faɗi gaskiyata ko ba za ta yi wa wasu daɗi ba. CHEW ba ungozoma ba ce. Shekara uku take yi a makarantar koyon aikin lafiya irin ta Jega, amma a cikinsu komai ake koya mata: rigakafi, zazzaɓi, gudawa, tsaftar muhalli, ɗaurin rauni, awon ciki. Mu kuwa kan ciki da haihuwa muka ƙarar da namu shekarun. Ba raini ba ne, bambancin horo ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne halin da ake kawo mana mata. Mace ta kwana biyu tana naƙuda, ɗa ya zo a gicciye, an riƙe ta ana ta "bari mu gani", wani kuma ya yi mata allurar naƙuda wai don ta yi sauri. Kafin ta iso mahaifa ta fashe. Wadda ta tsira da rai sai ki same ta a cibiyar Gesse tana jiran aikin yoyon fitsari. Allurar naƙudar nan, wato oksitosin, bayan ɗa ya fito, ceton rai take yi. Kafin ya fito, a hannun wanda bai san aikinta ba, kisa take yi.

Malamar Asibiti (wajen Bagudo)

Sista, ranki shi daɗe, na ji ki, kuma ban ce mu ungozomomi ne ba. Amma a mazaɓarmu ungozoma nawa ke kwana? Babu ko ɗaya. An taɓa turo muna su, munka yi murna, ba su daɗe ba sunka koma birni, don ba ɗakin kwana, ba ruwa, ba makarantar da za su sa ɗiyansu. Ban ga laifinsu ba.

Shi ya sa a 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin raba aiki, wanda ya yarda CHEW da anka ƙara ma horo ta karɓi haihuwar da ta zo daidai, ta ba da maganin tsai da jini, ta yi ma mai jijjiga allurar farko ta maganisiyam kafin ta tura ta gaba. Ba ƙwace aikin munka yi ba, miƙa muna shi anka yi don babu mai yi.

Hajiya, lissafin 3 cikin 100 ɗin nan ma bai sa da mu ba. Likita da nas da ungozoma binciken ya ɗauka a matsayin ƙwararru, haihuwar da CHEW ta karɓa gefe anka aje ta. Ko an haɗa da mu adadin ba zai yi wani yawa ba, don gida mata ke haihuwa.

Batun allurar naƙuda kuma, abin da nake gani a nan, mafi yawa a kemis ake saye a kira mai allura har gida. Ban wanke kowa cikinmu ba, akwai masu yi, kuma kuskure ne babba.

Sista (Birnin Kebbi)

To ƙanwata, gaya mini tsakani da Allah, yau da dare in an kawo miki mai zubar jini, me ke cikin kabat ɗinki?

Malamar Asibiti (wajen Bagudo)

Ƙwayar misoprostol ta tsai da jini, ruwan ƙari leda biyu, safar hannu da na saya da kuɗina, da fitilar waya. Oksitosin sanyi take so, firjinmu kuma solarsa ta lalace tun bara. Kin san zafin Maris da Afrilu a nan, wadda ta kwana cikinsa ba ni da tabbacin ƙarfinta. Maganisiyam wani lokaci akwai, wani lokaci babu.

Amma in kin tambaye ni abin da ya fi ceton rai a hannuna, na'urar awon jini ce. Bari in ba ku misali. Wata yarinya mai cikin fari ta zo goyon ciki gidan iyayenta. Ba ta taɓa zuwa awo ba, ni na bi ta gida da anka gaya mani. Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa, tana cewa kanta kamar zai rabe, idonta na ganin walƙiya. Kakarta ta ce kumburin ciki ne, kowace mace na yi. Na auna, jini ya haura 160 bisa 110, alhali tun daga 140 bisa 90 ake tsorata. Na ce yau za a tafi babban asibiti, ba gobe ba. Uban ya ce sai an sanar da mijin, mijin yana kudu wurin ci-rani. Nan tsakar gida na sa anka kira shi, na yi mashi bayani da bakina, ya ce a tafi. A cikin mota ta fara jijjiga, amma na riga na yi mata allurar farko, kuma ina kusa da ita. An yi mata aiki, ita da ɗiyar suna nan.

Da na zauna asibiti ina jiran ta zo, da ba ta zo ba. Da ta fara taune-taune a gida kuwa, kun san abin da za a ce: iska ce. A kawo turare, a kawo rubutu, a danna mata cokali a baki, sai gari ya waye. Aikinmu na ainihi shiga gida ne. Yanzu da yawanmu an mai da mu masu gadin asibiti, don in ka fita ba mai buɗe ƙofa.

Baban Khalifa (Jega)

Ku bar ni in yi magana a madadin maza, don kullum mu ake zargi. Gaskiya ne akwai mai hana matarsa zuwa awo don jahilci. Amma akwai abu biyu da ba a faɗa. Na farko, ka je ƙaramin asibiti ka tarar namiji ne kaɗai a wurin. Mutumin ƙauye ba zai kai matarsa namiji ya duba ta ba, ita ma kanta ba ta so. Na biyu kuɗi. A rediyo a ce kyauta, ka je a miƙo maka takarda: safar hannu, auduga, reza, sabulu, man janareto. Wanda bai sayar da shinkafarsa ba ina zai samo?

Liman (Gwandu)

Baban Khalifa, hujjarka ta farko tana da ƙarfi, amma ka bi ta har ƙarshe. Idan muna son mace ta duba mace, to dole wani ya bar ɗiyarsa ta gama sakandare ta tafi Jega ko makarantar ungozoma. Ba za mu cire su daga aji uku mu aurar, sannan mu zo muna kukan babu malamar asibiti ba. Wannan ƙasa ba baƙuwar irin haka ba ce. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta naɗa jajis, mata dattijai masu bin ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata a cikin gidajensu, kuma malaman zamaninta ba su hana ba.

Sannan idan rai yana cikin haɗari kuma namiji kaɗai aka samu, larura ce, shari'a ta ba da dama. Batun izini kuma, ina faɗa a huɗuba: duk mai tafiya ci-rani ko kasuwa mai nisa, ya bar izini a bayyane gaban mahaifiyarsa da maƙwabcinsa, cewa in abu ya taso a kai ta asibiti ba sai an neme shi ba. Ya bar ɗan abin mota in da hali. Kada mace ta mutu saboda ana neman layin waya, wannan nauyi ne a wuyan mai gida.

Baban Khalifa (Jega)

Allah shi gafarta Malam, na karɓa. Amma maganar kuɗin tana nan.

Likita (Kalgo)

Tana nan kam. Abin da zan iya cewa, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare yana shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hakkin ya san nawa ya shigo da abin da aka saya. A ƙarshen 2024 kuma ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ku riƙa tambaya kafin ranar buƙata, a san wane asibiti ne ke cikin tsarin kusa da ku.

Ina so in koma kan zubar jini, don shi ne kan gaba wajen kashe mata, kuma cikin awa biyu yana iya gamawa da mace mai lafiya. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna jini. Zane ya sha, katifa ta sha, ƙasa ta sha, kowa na cewa kaɗan ne. An yi wani babban bincike mai suna E-MOTIVE a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan haihuwa, jinin ya taru a ciki. Da ya kai rabin lita ba a jira, a haɗa komai lokaci ɗaya: murza mahaifa, maganin tsuke ta, allurar taraneksamik mai tsai da jini, ƙarin ruwa, duba ko akwai yagewa. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. A manyan asibitoci aka gwada shi, amma gane haɗari da wuri ba sai likita ba. Malama da ke da ledar nan za ta san lokacin kiran mota tun mace na magana da bakinta.

Inna (Koko)

Ni jikata ke rubuta mani. Shekaruna da yawa ina yanke cibi a unguwarmu, wurin uwata na gada. Ina jin ana ta magana kamar mu ne masu kashe mata. Ɗiyata malamar asibiti, ke kin sani, kafin ki ji mace na da ciki ni na sani tun wata biyu. Mai cikin fari ba ta faɗa ma uwarta don kunya, amma ni tana faɗa mani. In an kore mu, wa zai gaya maki?

Malamar Asibiti (wajen Bagudo)

Inna, Allah shi ƙara girma. Wallahi yarinyar da na ba da labarinta ma, ungozomar unguwarsu ta tsegunta mani. Ni abin da nake roƙo gare ku kaɗan ne. In naƙuda ta wuce yini ko ta wuce dare, a taho. In mabiyiya ta yi rabin awa ba ta faɗo ba, kada a ja cibiya, kada a tura muciya a baki don ta yi yunƙurin amai, a taho. A bar yankan gishiri kwata-kwata. Kuma ku rako ta da kanku, ku shigo ɗakin ku riƙe mata hannu, ba mai korar ku wurina.

Inna (Koko)

Ke kin ce haka. Wani wurin kuwa tsawa ake yi muna a gaban mutane, har da mai haihuwar. Shi ya sa wasu ke cewa gara su mutu a ɗakinsu.

Sista (Birnin Kebbi)

Inna, wannan gaskiya ne, kuma abin kunya ne gare mu. Ungozoma ɗaya kan mata goma a dare ba hujjar zagi ba ce.

Amma ina da ja kan abu ɗaya da na ji ana yi, wato raba wa mata misoprostol su tafi da shi gida. Ƙwayar nan in an sha ta ɗa bai fito ba, ko akwai tagwai na biyu a ciki, aikin allurar naƙuda take yi. Kuma ina tsoron mace ta ce tunda ga magani a hannu, me zai kai ta asibiti.

Likita (Kalgo)

Sista, tsoronki yana kan hanya, amma maƙwabtanmu Sakkwato sun fara rabawa a cikin gari tun 2013, tare da man kilohekzidin na shafa wa cibiyar jariri, ta hannun mutanen unguwa da aka horar. Hujjar ita ce matar da za ta haihu a gida za ta haihu a gida, da ƙwaya ko babu. Ƙwaya uku ce, bayan ɗa ya fito kuma an shafa ciki an tabbatar babu wani. Sharaɗin shi ne bayani daga bakin wadda ta sani, a maimaita wa mai cikin da wadda za ta zauna da ita. Nan ma aikin ya koma kan Malama.

Sista (Birnin Kebbi)

Ban gamsu duka ba, Likita. In za a raba, a raba a watan ƙarshe, kuma a rubuta sunan wadda aka ba.

Ɗan Yawuri

Duk maganar da kuke yi ta masu titi ce. Mu a tsibiran Yawuri da Ngaski, tsakanin mai naƙuda da asibiti ruwa ne. Jirgi ba ya son tashi da dare, kuma tun hatsarin Warra na 2021 tsoro ya ƙaru. Shawarar da muka yanke a danginmu: mai cikin fari, da mai haihuwa ta shida zuwa sama, da wadda aka taɓa yi wa aiki, da wata tara ya kama sai ta ƙetaro Yelwa ta zauna gidan 'yan uwa. Wanda ke tantance wacece za ta ƙetaro kuwa malamin asibitinmu ne, don shi ke riƙe da katin kowa.

Maman Grace (Zuru)

Namu ya fi wannan ciwo. A wasu garuruwan Danko-Wasagu da Sakaba ma'aikaci ba ya iya kwana a asibiti saboda 'yan bindiga, mai mota ma ba ya fita bayan magariba. Baƙo shi ne farkon tafiya in tsoro ya zo. 'Yar gari kuwa, mijinta nan, gonarsu nan, ko an rufe asibitin ana buga mata ƙofa. Ina da ƙanwa da ta gama karatun CHEW, shekaru tana aikin sa-kai ba a ɗauke ta ba, da saƙar hula take sayen sabulu. Irinta suna da yawa. A ɗauki 'yan gari a bar su a garinsu, shi ne kawai abin da na ga zai yi aiki a wajenmu.

Maman Sadiya (Argungu)

Allah Ya kawo muku sauƙi, Maman Grace. Akwai abin da ba mu taɓo ba: bayan haihuwa. Mu a wurinmu da an ji kukan jariri sai barka, an gama. Alhali mata nawa ne ke tafiya tsakanin haihuwa da suna, ko cikin arba'in?

Malamar Asibiti (wajen Bagudo)

Hajiya kin taɓo inda ke yi mani ƙaiƙayi. Yinin farko shi ya fi haɗari, sannan makon farko. Ƙa'ida a duba mai jego cikin awa 24, a koma kwana na uku, a koma tsakanin mako ɗaya zuwa biyu, sannan mako shida. Mai jego ba ta fita, to wa zai duba ta in ba mu shiga ba? Zazzaɓi da jini mai wari alamar ƙwayar cuta ce a mahaifa. Jijjiga ma tana zuwa bayan an haihu.

Sai wankan jego da kunun kanwa. Ban ce a bar wanka ba, amma ruwa mai tafasa safe da yamma, ga kwanciya kan gadon wuta, ga kanwa mai yawa a kunu, zuciya ke ɗaukar nauyin. Likitoci a Zariya sun daɗe da lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasar Hausa. In kun ga mai jego na kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, kada a ce wanka ne bai karɓe ta ba a ƙara wuta. Asibiti za a kai ta.

Mai Awon Jini (Argungu)

In ƙara ɗaya. Ku turo mai zubar jini da mazan da za su ba da jini, aƙalla biyu, a mota ɗaya. Sau da yawa tsofaffi mata uku ke rako ta, mu kuma firjin babu komai. Tun a awo a rubuta rukunin jininta a kati. Leda ɗaya ba ta rage wa namiji ƙarfi, jiki yana mayarwa.

Sista (Birnin Kebbi)

Ƙanwata ta Bagudo, har yanzu ina kan bakana cewa kowace mazaɓa ungozoma take buƙata, kuma ba zan daina faɗa ba. Amma kafin a samu, na turo miki lambata ta akwatin sirri. Duk wadda ta rikice miki, ko ƙarfe nawa ne, kira ni mu duba tare. In kuma za ki turo, ki rubuta awon jininta da maganin da kika ba ta da lokacin da kika ba ta, don kada a maimaita maganisiyam a kan wanda kika yi.

Malamar Asibiti (wajen Bagudo)

Na gani, Sista, na gode. Takardar turawa ta ƙare muna, amma zan riƙa rubutawa a bayan katinta.

Direba (Kamba)

Ni tun ɗazu nake karantawa. Ina cikin direbobin tasha da anka koya ma ɗaukar mata masu naƙuda, kuɗin mai kawai muke karɓa, wani lokaci ma sai an yi suna ake kawowa. Roƙona ga malaman asibiti: kada ku bari sai daren ya zo. Tun tana wata bakwai ku haɗa ni da mai gidan, in san ƙauyen, in san hanyar da ke bi da damina, don akwai inda mota ba ta shiga daga Yuli zuwa Satumba sai an fito da ita a amalanke zuwa bakin titi. Shi kuma ya aje kuɗin lita goma wurin mai unguwa. Liman, in za ka yi huɗubar izini wannan Juma'a, ka haɗa da wannan.